Me ya haɗa falsafa da karatun likita?

Duk lokacin da aka taso da maganar a riƙa koya wa ɗaliban likitanci falsafa da tarihi da adabi, sai ka ji wani ya ce haba, yaron da ke fama da haddar ƙasusuwa 206 da jijiyoyi da sunayen magunguna rututu, ko barcin kirki ba ya samu, sannan a zo a ƙara masa wani kaya wai falsafa, ina ruwan mai ciwon ciki da Aflatun, masanin falsafar nan na Girka. Ni dai ban raina wannan ƙorafin ba don wallahi akwai ƙamshin gaskiya a ciki, karatun likita nauyi gare shi kuma lokaci ba ya ƙaruwa. Amma a ganina an kama maganar ta inda ba nan bakin zaren yake ba, har su kansu masu goyon bayan abin da yawansu sun ɗauka manufar ita ce a samu likita mai fara'a, mai gaisuwa, mai murmushi. Wannan abu ne mai kyau, sai dai abin da ya fi damuna ya wuce nan. Aikin likita na kullum cike yake da tambayoyin da babu gwajin jini ko hoton sikanin da zai amsa su, kuma ko an koya masa ko ba a koya masa ba dole sai ya amsa, domin mara lafiya na kwance yana jira. To tunda amsar dole ce, gara ya amsa da horo da ya amsa da ka.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne rabuwar likitanci da falsafa ma sabuwa ce. Jalinus, likitan nan da ya yi zamani a Rum a ƙarni na 2, yana da wata 'yar risala da take ɗin ta kawai ya isa, cewa ya yi likitan da ya fi kowa ƙwarewa shi ma masanin falsafa ne. Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, littafinsa na likitanci shi ne al-Ƙanun fid Ɗibb wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantarwa har a jami'o'in Turai, amma littafin da ya sa wa suna ash-Shifa, wato waraka, ba na magani ba ne, na manɗiƙi ne da falsafa da lissafi, kun ga inda tunanin mutumin ya dosa. Abubakar ar-Razi da ya bambance ƙyanda da agana shi ne kuma ya rubuta aɗ-Ɗibbur Ruhani a kan cututtukan hali irin su hassada da fushi. Ishaƙ bin Ali ar-Ruhawi tun ƙarni na 9 ya rubuta Adabuɗ Ɗabib, littafi guda sukutum kan yadda likita zai zauna da mara lafiya da danginsa da masu zuwa dubiya. Ibn Rushd alƙali ne a Ƙurɗuba, mai sharhin Aristo, kuma shi ne mai al-Kulliyat a likitanci. Har gobe akwai ƙasashen da kalmar hakim ke nufin likita kuma tana nufin mai hikima, ba a raba su ba.

To yaushe aka raba? A ƙarni na 19 ne kimiyyar ɗakin gwaji ta bunƙasa, musamman a Jamus da Faransa, aka gano ƙwayoyin cuta, aka fara auna komai. Sai a 1910 wani malamin makaranta mai suna Abraham Flexner, wanda shi ba likita ba ne ma, gidauniyar Carnegie ta tura shi ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada ya rubuta rahoto. Abin da ya gani ya yi muni, makarantu ne na neman kuɗi zalla, wasu ba ɗakin gwaji ba asibitin koyarwa, kowa ya biya ya shiga. Ya ce a ɗauki tsarin jami'ar Johns Hopkins, shekara biyu na kimiyyar tushe, shekara biyu a asibiti. Makarantu da dama suka rufe, har da biyar cikin bakwai na baƙaƙen fata, Howard da Meharry kaɗai suka tsira, wanda shi kansa wani tabo ne da ake ta magana a kai har yanzu. Ni ba na cikin masu zagin Flexner ido rufe, gyaran da ya kawo ya ceci rayuka ba adadi, kuma wannan tsarin nasa shi ne ya yaɗu kusan ko'ina a duniya. Sai dai shi ya ɗauka ɗalibi zai zo makarantar likita ne da cikakkiyar tarbiyyar ilimi tun daga baya, ya san tarihi ya san adabi, kuma a 1925 shi da kansa ya koka a rubuce cewa likitancin kimiyya a Amurka ya rasa tushe na al'ada da falsafa. Wato mai ginin ma ya ga inda ɗakin ke yoyo tun shekara 15 da kammala shi.

Bari in kawo misalan tambayoyin da nake nufi don kada maganar ta zama a iska.

Ta farko, mene ne cuta? Za ka ce ai wannan a fili yake. To a 2017 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka sauke ma'aunin hawan jini daga 140/90 zuwa 130/80, dare ɗaya adadin manyan Amurkawa masu hawan jini ya tashi daga kusan kashi 32 cikin 100 zuwa kusan kashi 46, alhali babu jinin wanda ya ƙara hawa, layin ne aka matsar. Turai ba su bi su ba a lokacin, suka tsaya a 140/90, kuma duka ɓangarorin biyu alƙaluma iri ɗaya suke kallo. Kenan bambancin ba a kimiyyar yake ba, yana wajen nawa ne haɗarin da ya kai a kira mutum mara lafiya, a ɗora masa shan ƙwaya har ƙarshen rayuwa, da fargaba, da kashe kuɗi, da illar maganin kansa. Wannan hukunci ne na auna amfani da cutarwa, aikin falsafa ne tsagwaronsa. Wani likita kuma masanin falsafa Bafaranshe, Georges Canguilhem, tun 1943 ya yi littafi a kan wannan, yana cewa lafiya ba wai dacewa da matsakaicin alƙaluman jama'a ba ce, iyawar jiki ce ya daidaita kansa da halin da ya samu kansa. Kuma idan kana ganin wannan duk surutu ne, ka tuna a 1851 wani likita a kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya ƙirƙiro wata cuta ya ce ita ke sa bayi gudu daga iyayen gijinsu, har ya rubuta maganinta, ciki har da bulala. Ɗalibin da ya san wannan tarihin ba zai riƙa haɗiye duk abin da aka laƙaba wa suna cuta ba tare da ya tambayi wa ya ja layin kuma don me ba.

Ta biyu ta fi nauyi, yaushe mutum ya mutu? Shekaru dubbai amsar ɗaya ce, numfashi ya tsaya zuciya ta tsaya. Sai na'urar taimakon numfashi ta zo, aka samu mutanen da ƙwaƙwalwarsu ta daina aiki gaba ɗaya amma zuciya na bugawa jiki da ɗumi. A Disamba 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Cape Town, a 1968 wani kwamiti a Harvard ƙarƙashin Henry Beecher ya fitar da sharuɗɗan abin da yanzu ake kira mutuwar ƙwaƙwalwa. Na'ura za ta iya nuna maka ƙwaƙwalwa ba ta aiki, amma ba za ta iya ce maka wannan shi ne mutuwa ba, wannan sai mutane sun zauna sun yanke. Shi ya sa Japan ta ja ƙafa har 1997 kafin ta yi dokar da ta ba da damar ɗaukar gaɓoɓi daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa, ita kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987 ta ce ana iya cire na'urar amma hukuncin mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Dubi yadda manyan malamai suka yi saɓani, sannan ka hango matashin likita ɗan shekara 26 da tsakar dare yana tsaye gaban uwa tana ce masa ai ɗana yana numfashi, ga ƙirjinsa na motsi, ta yaya za ka ce ya tafi. Idan duk abin da ya sani shi ne jerin gwaje-gwajen da ake yi, to me zai ce mata? Wasu sai su ɓuya bayan manyan kalmomi, wasu su fusata su ce dangi jahilai ne, alhali tambayar da uwar nan ta yi ita ce dai wadda ta ɗaure wa kwamitoci kai shekara da shekaru.

Ta uku ita ce wadda nake ganin an fi mantawa da ita, kuma ita ta fi kusa da kimiyyar kanta, wato ta yaya muka san magani yana aiki. A shekarun 1980 likitoci sun lura cewa wanda ya yi bugun zuciya kuma yana samun rikicewar bugawa ya fi haɗarin mutuwa farat ɗaya. Akwai magunguna irin su encainide da flecainide da ke gyara wannan rikicewar, a takardar awon zuciya sai ka ga komai ya daidaita tsaf. Hankali ya ce to ai shi ke nan, a ba su. Aka yi ta bayarwa, har wasu likitoci suna ganin rashin imani ne ma a gwada a hana wani rukuni. Da aka daure aka yi gwajin da ake kira CAST, sakamakon da ya fito a 1989 ya nuna waɗanda aka ba maganin sun fi mutuwa fiye da ninki biyu a kan waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta. An gyara lamba a takarda, an rasa mutum. Kuskuren nan ba na ƙarancin haddar ilimin zuciya ba ne, ƙwararru ne suka yi shi, kuskure ne na manɗiƙi, ɗaukar alama a matsayin ita ce manufa, da ɗaukar cewa abin da ya yi daidai a tunani dole ya yi daidai a jiki. Haka Ignaz Semmelweis a birnin Vienna na Austria a 1847, ya sa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar masu jego a sashensa ta sauko daga kusan kashi 18 cikin 100 a Afrilu zuwa kusan kashi 2 a Yuni, amma aka ƙi shi, wani ɓangare don bai da bayanin da ya dace da ilimin zamanin, wani ɓangare kuma don yarda da shi na nufin likitoci su amsa cewa hannunsu ne ke kashe matan. Barry Marshall sai da ya shanye ƙwayoyin cuta da kansa a 1984 don a yarda cewa su ke kawo gyambon ciki, shi da Robin Warren ba su samu Nobel ba sai 2005. Waɗannan labaran su ne falsafar kimiyya a aikace, suna koya wa ɗalibi cewa abin da ke cikin littafinsa yau wani sashe nasa zai zama kuskure gobe, kuma suna koya masa yadda zai yi shakka ba tare da ya zama mai musun komai ba. A zamanin da ake fitar da takardun bincike fiye da yadda wani ɗan'adam zai iya karantawa, ga kamfanonin magani kowa na tallan nasa, ni ban ga abin da ya fi wannan amfani ga likita ba.

Akwai ma wanda ya faru kwanan nan. Shekaru da dama lissafin da ake auna ƙarfin aikin ƙoda da shi yana da wani ƙari da ake yi idan mara lafiya baƙar fata ne, wanda ke sa ƙodarsa ta bayyana ta fi lafiya fiye da yadda take, sai a makara wajen tura shi ga ƙwararre ko sa shi a layin dashe. Sai 2021 aka cire wannan a Amurka, kuma ɗalibai da ƙananan likitoci na cikin waɗanda suka fara ɗaga murya, suna tambayar abu mai sauƙi, shin launin fata rukuni ne na halitta ko na zamantakewa, kuma wa ke yanke waye baƙi. Wani bincike a jami'ar Virginia a 2016 ya samu kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da ƙananan likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, kamar cewa fatarsu ta fi kauri. Irin wannan gado ne na tarihi, kuma wanda bai san tarihin ba ba zai gane yana ɗauke da shi ba.

Ɓangaren ɗa'a shi ne wanda kowa ya fi sani don haka ba zan daɗe ba. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi baƙaƙen maza 600 a Tuskegee, 399 masu tunjere, ba a faɗa musu gaskiyar cutarsu ba kuma aka bar su ba magani ko bayan da fenisilin ta zama sananniyar waraka a shekarun 1940, kuma ba a ɓoye ake yi ba, ana buga sakamakon a mujallun likitanci ana karantawa. Daga wannan abin kunya aka samu rahoton Belmont kan ƙa'idojin yin bincike a kan mutane, a 1979 kuma Tom Beauchamp da James Childress suka fitar da ginshiƙai huɗu da yanzu kusan kowane ɗalibin likita ya haddace, girmama zaɓin mara lafiya, kyautata masa, kada a cutar da shi, da adalci. Matsalar ita ce haddar. Ginshiƙan nan sauƙin faɗa gare su, wahalar tana lokacin da suka yi karo da juna, kamar yadda aka gani a arewacin Italiya a Maris 2020 da korona ta cika asibitoci, marasa lafiya sun fi na'urorin numfashi yawa, har ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta ƙasar ta fitar da shawarwarin yadda za a zaɓa. Wa za a ba, wanda ya riga zuwa ko wanda ya fi yiwuwar rayuwa, shekaru na shiga lissafi ko ba sa shiga? Ba a koyon wannan a daren da abin ya faru.

Sai maganar sauraro, inda adabi ke shigowa. A 1984 Howard Beckman da Richard Frankel sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, suka samu cewa a matsakaici daƙiƙa 18 kacal ake bari mutum ya yi bayani kafin a katse shi. Ba mugunta ba ce, an horar da likita ne ya tsinci kalmomin da suka dace da akwatunan da ke kansa, yaushe ya fara, ina ke ciwo, akwai zazzaɓi, sauran labarin kuma a ganinsa ɓata lokaci ne. Amma sau da yawa a cikin sauran labarin ne amsar take, dalilin da ya sa matar nan ba ta shan maganinta, abin da mutumin nan ke tsoro wanda ya hana shi zuwa sai da abu ya yi nisa. Arthur Kleinman, likitan ƙwaƙwalwa kuma masanin al'adun ɗan'adam a Harvard, ya bambance tsakanin cutar da likita ke gani a gaɓa da jinyar da mutum ke rayuwa a cikinta, ya kuma kawo 'yan tambayoyi masu sauƙi, me kake kiran wannan ciwon, me kake ganin ya jawo shi, me ka fi tsoro game da shi, wane magani kake sa ran samu. Rita Charon a jami'ar Columbia, wadda likita ce kuma ta yi digirin digirgir a adabi, ta kafa shirin likitanci ta hanyar labari a 2000, tana sa ɗalibai su buɗe wani fayil na biyu, ba na asibiti ba, inda za su rubuta da harshen yau da kullum abin da suka gani a wajen mara lafiya da abin da ya taɓa su. Hujjarta ita ce wanda ya iya karatun labari da kyau, ya san waye ke magana, me aka faɗa me aka tsallake, shi zai iya jin abin da mara lafiya bai furta ba. A Yale kuma wani likitan fata, Irwin Braverman, ya riƙa kai ɗalibai gidan adana zane-zane su tsaya gaban zane guda su bayyana abin da suke gani dalla-dalla kafin su ce ga ma'anarsa, sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna sun ƙara iya lura da hotunan cututtukan fata. Cicely Saunders da ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali na St Christopher's a Landan a 1967 ita ta kawo maganar cewa zafin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, na iyali, na ruhi, kuma allurar kashe zafi ɗaya kawai take taɓawa.

Yanzu bari in faɗi inda nake ganin masu goyon bayan abin nan suna wuce gona da iri, don idan ba a faɗa ba za a yi ta yaudarar kai. Na farko, hujjar cewa kwas ɗin adabi yana mayar da mutum likita nagari bayan shekara goma ba ta da ƙarfi, yawancin binciken da ake yi ƙanana ne, na gajeren lokaci, kuma ɗaliban ake tambaya ko sun ji daɗi. Ko binciken nan da ake yawan ambata na Mohammadreza Hojat a makarantar likita ta Jefferson a Amurka a 2009, wanda ya nuna tausayin ɗalibai na raguwa a shekara ta uku, daidai lokacin da suka fara shiga wajen marasa lafiya, shi ma da takardar tambayoyi aka auna, kuma wasu masana sun ce raguwar ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Na biyu ya fi tayar min da hankali. Kusan rabin likitocin Jamus sun shiga jam'iyyar Nazi, mutane ne masu ilimi, masu karatu, masu jin kiɗan gargajiyarsu, kuma daga 1939 darasin ɗa'ar likita na dole ne a makarantunsu, sai dai ɗa'ar da ake koyarwa ita ce lafiyar al'umma ta fi ran mutum guda, wasu rayukan ma ba su cancanci a raya ba. A shari'ar likitocin Nazi da aka yi a Nuremberg bayan yaƙin duniya na biyu mutum 23 aka gurfanar, 20 likitoci ne. Kenan sanya kalmar ɗa'a a jadawalin lakca ba ya kare kowa daga komai. Abin da ake buƙata shi ne ɗalibi ya saba da tambayar dalili, ya iya gane hujja mai rauni ko da daga bakin farfesa ta fito, ya kuma samu ƙarfin halin cewa ban yarda ba. Idan darasin falsafa ya koma wani abin hadda da za a zuba a jarrabawa a manta, to an yi ba a yi ba.

Kuma ga wani abu da Frederic Hafferty da Ronald Franks suka yi rubutu a kai a 1994, abin da suka kira ɓoyayyiyar manhaja. Da safe a aji an gaya wa ɗalibi mara lafiya mutum ne mai daraja, da rana a zagayen duba marasa lafiya ya ji babban likitan da yake burin ya zama kamarsa yana cewa ina hantar nan ta gado na 7, ya ga an tsawata wa wanda ya tsaya sauraron wata tsohuwa, ya ga an kunyata shi kansa a gaban jama'a don ya ce ban sani ba. Wanne kake ganin zai ɗauka? Ai na ranar zai ɗauka, domin shi ne ake sakawa a kai. Shi ya sa nake ganin ko da yake sashen farko na irin waɗannan darussa a makarantar likita an buɗe shi tun 1967 a Hershey ta jihar Pennsylvania, kuma hukumar likitocin Birtaniya tun 1993 ta buɗe ƙofar darussan zaɓi, kuma Amurka ta saka ilimin halayya da zamantakewa a jarrabawar shiga makarantar likita a 2015, har yanzu a wurare da yawa abin yana gefe ne, awa ɗaya da yamma bayan kowa ya gaji, babu maki, malamin ma aro aka yi daga wani sashe bai taɓa shiga ɗakin tiyata ba. Ɗalibai kuwa ba wawaye ba ne, sun san abin da makaranta ta ɗauka da muhimmanci shi take jarrabawa a kai.

Game da ƙorafin lokaci, gaskiya ita ce manhajar tana da abubuwan da za a iya ragewa, akwai dogayen jerin sunaye da ake haddacewa don jarrabawa kawai wanda yau duk likita a wayarsa yake dubawa. Amma ni ban ma fi son a ware kwas daban ba. Na fi son ranar da ake koyar da hawan jini a ɗauki minti ashirin a kan wa ya ja layin 140 kuma me ya sa wasu suka matsar da shi, ranar magungunan zuciya a kawo labarin CAST, ranar da aka shiga ɗakin kulawa ta musamman a zauna a kan mutuwar ƙwaƙwalwa da saɓanin da ke cikinta, likita da masanin falsafa ko malamin addini a tebur ɗaya, kowa na gyara wa ɗan'uwansa, don shi masanin falsafa idan aka bar shi shi kaɗai zai tafi sama ya bar mara lafiya a ƙasa, shi kuma likita idan aka bar shi zai mayar da komai jerin matakai. Sannan kada a kwaso littattafan wata al'umma guda a ce su ne ɗan'adam. Ginshiƙin girmama zaɓin mutum shi kaɗai ya fito ne daga wurin da ake ganin mutum shi ke yanke wa kansa hukunci, alhali a yawancin duniya iyali ne ke zama su yanke, kuma ɗalibi na buƙatar ya san yadda zai girmama wannan ba tare da ya bari an danne muryar mai ciwon ba, musamman idan mace ce ko yaro ko wanda ba shi ke biyan kuɗin ba.

A jarrabawa kuma abin da zan so in gani mai sauƙi ne. A kawo wa ɗalibi dattijo ɗan shekara 78, ƙodarsa ta gaza, an ce sai wankin ƙoda sau uku a mako, shi ya ce ya gaji a bar shi ya koma gida, 'ya'yansa kuma sun ja likita gefe suna roƙo a yi masa ko da ba ya so, kada ma a gaya masa yadda abin ya yi tsanani. A ba ɗalibin minti goma sha biyar da su. A duba ko ya tantance dattijon yana cikin hayyacinsa, don gubar da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza tana iya rikita tunani, wannan kimiyya ce. A duba ko ya gane bambancin mai baƙin ciki na cuta da wanda ya auna rayuwarsa ya yanke shawara. A duba ko ya tambayi dattijon me yake nufi da ya gaji, ko zirga-zirgar ce, ko ganin dukiyar 'ya'yansa na ƙarewa a kansa ne, domin idan na biyun ne to maganar ta canza gaba ɗaya. A duba ko ya iya gaya wa 'ya'yan cewa ba zai yi wa mahaifinsu ƙarya ba, ta hanyar da ba za su fita suna ganin ya raina ƙaunar da suke masa ba. A ba wannan maki daidai da makin da ake ba wanda ya karanta sakamakon gwajin ƙodar daidai, kuma wanda ya faɗi a nan ya maimaita kamar yadda zai maimaita idan ya faɗi a can.